Sa'ar Haihuwar Ambar

Cokali biyu kacal Sufeto Kinanti ta kai baki daga kwanon sotonta, romon kaza da shinkafa, sai ga Saje Marjuki ya leƙo rumfar mai abinci, hula a hannu, ruwan sama na ɗiga daga gashin bakinsa.

"Bu Sufeto, an yi sata a asibitin nan mai koren rufi."

"Babur?"

"Ina! Kwamfutar hannu. Irin falalen nan da nas-nas ke rungume da su kamar jarirai."

"A kan wannan za ka raba ni da karin kumallo, Pak Juki?"

"Shugaban asibitin ne da kansa ya bugo, muryarsa na rawa. Ki tashi kawai, Bu. Soton ba zai yi asara ba, ina nan da raina."

Ta ture masa kwanon, ta ɗauki lemarta.

Dakta Handoyo, shugaban asibitin, bai iya zama ba. Yana magana yana kai-komo tsakanin tebur da taga.

"Ba tsadarta ce ta dame ni ba, Bu Sufeto. Ita ce ƙofar shiga bayanan duk majinyatanmu. Akwai mai ciwon da ya ɓoye wa matarsa. Akwai wadda ta yi ɓari ko uwarta ba ta sani ba. Mutane sun kwance mana sirrinsu ne don sun yarda da mu."

"Yaushe ta ɓace?"

"Jiya Litinin, wajen goma da minti ashirin na safe, daga kan keken magunguna a sashen mata. Goma da minti arba'in kuma aka buɗe ta da lambar sirrin wata nas, Wening."

"Me aka duba?"

"Masu kula da na'urorinmu na kan tonowa." Ya ja dogon numfashi. "Doka ta ba mu kwana uku mu sanar da hukuma. Idan zuwa Alhamis ba a samo wani hannu ba, sunan Wening zan miƙa, domin shi ne a rubuce. Lasisinta ya tafi ke nan, kotu kuma na jiranta. Shekara shida tana nan, ban taɓa samun ta da laifi ba."

Sun sami Wening a ɗakin hutun ma'aikata, idanunta sun kumbura, kofin shayi ya huce a gabanta ba ta taɓa ba. Kinanti ta dube ta, ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ta danne shi. Aiki ba ya son tausayi da wuri.

"Mbak Wening, wa ya san lambarki ban da ke?"

"Babu kowa, Bu."

"Ko miji?"

"Ba ni da shi."

"Saurayi?"

"Da wane lokacin, Bu? Ni da gadon barcina ma sai mu kwana biyu ba mu gaisa ba."

Saje Marjuki ya juya wajen na'urorin. Ya ɗauki ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke jere a wurin caji, yana jujjuya ta kamar mai sayen kankana. Ya sa farce ya ɗaga rigar robar da ke bayanta. Sai ya yi tari.

A bayan na'urar, an manna farar filasta, an rubuta lambobi shida da biro. Ya ɗauki ta biyu. Haka. Ta uku ma haka.

"Kai, madalla," in ji shi. "An kulle gida tam, an rataye makulli a ƙyaure."

Wening ta rufe fuska da tafukanta.

"Da yatsa ake buɗe su, Bu. To mu kullum da safar hannu muke, na'urar ba ta gane yatsa cikin safa. Lambar kuma duk wata sai an sauya, ga ta da tsawo. Majinyaciya na amai, kina tsaye kina tunanin lamba? Duk sashen haka muke yi. Na san laifi ne. Amma wallahi ban ba kowa ba."

"Wa ya shigo sashen tsakanin goma da goma da rabi?"

"Babu kowa. Sai sha ɗaya ake buɗe wa masu dubiya."

"Babu kowa ko ɗaya?"

"Babu, Bu. Mu ne kawai."

Kinanti ta sa aka nuna mata keken magunguna. An shimfiɗa masa farin ƙyalle, ba a sauya ba tun jiya saboda umarnin shugaba. Ta duƙa, ta bi gefensa da ido a hankali. A kusurwar da ake ajiye kwamfutar, akwai ɗan tabo rawaya, faɗin babban yatsa.

"Maganin ciwo ne?" Saje ya tambaya.

"Na ciwo ya fi wannan duhu." Ta sunsuna. Ƙamshin ya tsaya mata a hanci, ta san shi, amma sunansa ya ƙi zuwa. Ta sa aka naɗe ƙyallen a leda.

Daidai nan wani ma'aikaci ya kawo takarda daga ofishin na'urori. Kinanti ta karanta sau biyu.

Ba a kwafi komai ba, ba a aika komai ba. Fayil ɗaya aka buɗe, na majinyaciyar gado na bakwai, Ambarwati. A cikinsa ma shafi ɗaya: hoton tsohuwar rajistar ranar da aka haife ta a wannan asibitin, shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Minti uku aka yi a kansa, a kusa da ɗan masallacin asibiti, sannan aka kashe na'urar.

"Wannan wane irin ɓarawo ne?" Saje ya sosa ƙeya. "Ya shiga rumbu ya ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya."

Kinanti ta ninke takardar. Zuciyarta ta riga ta tafi wani wuri, shekara tara baya, wani zaure mai ƙamshin taba da kanumfari, inda wani dattijo ya rubuta ranar haihuwarta da ta saurayinta Rangga a bayan kwalin ashana, ya lissafa, ya girgiza kai. Shi ke nan. Da girgiza kai ɗaya aka rushe soyayyar shekara huɗu. Har yau idan ta ga kwalin ashana sai ta kau da ido.

"Mu je gado na bakwai," ta ce.

Ambar siririya ce, zazzaɓin dengi ya ƙara rage ta, robar ƙarin ruwa a hannunta. An buɗe wa masu dubiya, kuma wani saurayi na zaune a gefenta yana ɓare mata lemo, yana cire zaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya kamar ba shi da wani aiki a duniya. Kinanti ta ga yadda yake kallon ta, ta ji kamar ta juya ta fita.

"Ni ce Sufeto Kinanti. Kai fa?"

"Galih, Bu. Bakanike ne ni. Bayan girbi za a ɗaura mana aure."

"Allah ya sa alheri. An lissafa weton ɗinku, dacewar ranakun haihuwarku?"

Lemon ya tsaya a hannunsa. Ambar ta dubi bango.

"Mbak Ambar, wani ya sace na'ura don ya ga shafin haihuwarki. Kin san dalili?"

"Ban sani ba, Bu."

"Katin shaidarki na ɗauke da ranar. Kowa na iya gani. Abin da katin ba ya ɗauke da shi, sa'a ce. Da rana aka haife ki ko da yamma?"

Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne.

"Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Babana ya ce da yamma ne, bai riƙe ko ƙarfe nawa ba. Idan kafin magariba ne, ni 'yar ranar Pon ce, babu matsala. Idan kuwa rana ta faɗi, an shiga Wage. Mas Galih kuma Pahing ne."

Saje Marjuki ya yi ƙaramin fito. A garin Klaten ko yaron goye ya san 'yar ranar Wage da ɗan ranar Pahing ba a haɗa su ɗaki ɗaya.

"Wa ya tayar da maganar?"

"Wan mahaifina, Pakde Harjo," in ji Galih. "Tun da babana ya rasu shi ke yanke magana. Ya ce sai ya ga takardar asibiti da idonsa." Ya ajiye lemon, ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙo. "Ba sai kin wahala ba, Bu. Ni na ɗauka."

"Mas!" Ambar ta yunƙura.

"Zauna, Mas Galih. Da me ka buɗe ta?"

"Da... lamba."

"A ina ka samu?"

"Na canka. Ranar haihuwar nas ɗin."

"To, yaushe aka haife ta?"

Galih ya sunkuyar da kai.

"Ina na'urar yanzu?"

"Na jefa a kogi."

"Wane kogin?"

"Na... babban."

"Bu," Saje ya ce, "shekarata ashirin da biyu a aikin nan, ban taɓa ganin wanda bai iya ƙarya ba kamar wannan. Mbak, ki riƙe shi da kyau, irinsu sun ƙare a kasuwa."

Kinanti ta kama hannun Galih ta juya. Baƙin mai ne a ƙarƙashin kowane farce, babu ɗigon rawaya. Mutum ba ya miƙa wuyansa haka sai don wanda ya fi ƙauna. Ɗayar tana kwance da ƙarin ruwa. Saura ɗaya.

"Mahaifiyarka me take sana'a?"

Ya ƙi ɗagowa.

A bakin ƙofar asibiti, maigadi ya bugi ƙirji. Ya ce tun da aka yi shelar ɓatan jiya, babu jakar da ta fita bai zazzage ba, har ta likitoci.

"Kowa da kowa?"

"Kowa, Bu."

Wata nas ce ta wuce su tana danna ƙugu, tana mita. "Yau Mbok Mirah ba ta zo ba, ga baya na ciwo. Shekara goma sha ɗaya, ko ranar da dutse ya yi aman toka sai da ta kawo mana jamu, jiƙon nan nata na gargajiya."

Kinanti ta tsaya cak. Kurkum da tsamiya! Ƙamshin da ke jikin ƙyallen ke nan, abin da kakarta ke ba ta duk wata tun tana budurwa.

"Pak, ka binciki kwandon mai jamu jiya?"

Maigadin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mbok Mirah? Haba, Bu! Ai ita 'yar gida ce. Ɗanta Galih ma yana ciki wajen budurwarsa."

"Ƙarfe nawa take shiga sashen mata?"

"Goma, kullum. Kafin masu dubiya."

Babu kowa, in ji Wening. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Wanda aka saba gani kullum, ido ya daina ƙirga shi.

Gidan Mbok Mirah na ƙarshen wani lungu, bayan gonakin shinkafa. Ruwan ya ɗauke. Sun same ta a tsakar gida gaban dutsen niƙa, kurkum jibge a faifai, amma ba ta niƙa komai. Kwalaben jamu na jere babu ko ɗaya da aka cika. Hannuwanta rawaya ne har wuyan hannu, rinin shekara da shekaru wanda sabulu ya gaji ya bari.

"Sannu da gida, Mbok. Yau ba a fita ba?"

"Ƙafa ce ta matsa mini, Bu."

"Jiya kin shiga sashen mata?"

"Na tsaya daga ƙofa. Ban shiga ba."

Kinanti ta buɗe ledar, ta shimfiɗa ƙyallen kusa da hannun tsohuwar. 

"Mbok, ɗanki Galih ya ce shi ya sata. Idan na koma ofis da wannan maganar, yau a bayan kanta zai kwana. Wening kuma jibi za a karɓe lasisinta."

"Wening?" Tsohuwar ta ɗago a firgice. "Me ya haɗa Wening da wannan?"

"Da lambarta aka buɗe. A idon na'ura, ita ce ɓarauniya."

"Innalillahi! Yarinyar da ke ciyar da ƙannenta uku?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Suka bi ta. Ta buɗe randar shinkafa, ta tura hannu har kafaɗa, ta jawo wani abu naɗe cikin zanen goyo. Ta rungume shi a ƙirji kafin ta miƙa, kamar mai ba da jinjiri.

Kinanti ta karɓa, ta kwance zanen. Kwamfutar ce.

Saje ya buɗe littafinsa. Mbok Mirah ta zauna a bakin gado.

"Bara na ji yaran suna alfahari, wai an zuba tsofaffin littattafai duka a cikin abin nan, har ranar da aka haifi mutum. Kullum ina ganin yadda suke ɗaga robar su leƙa lamba, su danna lambar gado. Na ce bari in riga Pakde gani. Minti biyar kawai, in mayar."

"Don ki raba su?"

"In raba su?" Muryarta ta tsage. "Bu, lokacin da na karye, wa ya yi wata biyu yana goya kwandon nan yana zaga gari a madadina? Ambar. 'Yar da ban haifa ba ce, Allah ya aiko mini da ita da girmanta. Na zauna a bayan masallaci na buɗe, na gani. Ungozomar ta rubuta ƙarfe..."

"Dakata, Mbok."

Kinanti ta ɗora hannu a kan biron Saje.

"Kada ki faɗa. Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Pak Juki, rubuta: ta buɗe shafi ɗaya."

Saje ya dube ta ta saman tabarau, ya rubuta.

"Me ya hana ki mayar?"

"Na ce idan abin nan ya ɓace, sa'ar ta ɓace tare da shi. Pakde ya zo neman takarda a ce masa babu. Na kai har kan gada zan jefa. Sai na tuna akwai cututtukan mutane a ciki. In na jefa, ta yaya likita zai san maganin wa zai ba wa? Na kasa jefawa, na kasa mayarwa. Na kawo shi na sa a shinkafa, kada sanyi ya kama shi."

Saje ya juya baya yana gyaran murya. Kinanti ta durƙusa a gabanta.

"Mbok, babu komai a cikinsa. Taga ce kawai. Bayanan suna can a babbar na'urar asibiti, ko kin jefa goma a kogi suna nan."

Tsohuwar ta yi sororo. "Ashe a banza?"

"A banza. Kuma ji wannan: takardar nan, babu mai karɓar ta sai Ambar ta sa hannu. Pakde Harjo ko da rawani goma ya zo, ba za a ba shi ba. Ni kaina sai da izinin alƙali. Dokar da kika tsallaka, ita ce ke tsaye tana gadin abin da kike son ɓoyewa."

Mbok Mirah ta buɗe baki, ta rufe. Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka, ta kifa kai a kafaɗar Sufeto. Kakin ya ɓaci da rawaya. Kinanti ba ta janye ba.

Kafin la'asar masu na'urori sun gama dubawa: shafi ɗaya, minti uku, babu abin da ya fita. Dakta Handoyo ya zube a kujera karo na farko a ranar, ya ce zai rubuta wa hukuma gaskiyar yadda aka yi. Wening za ta sha takardar gargaɗi, ita da duk sashen, amma lasisinta na nan. Ta fito baranda da tulin filastar da ta ɓanɓaro daga bayan na'urori, ta dunƙule a hannu, tana kuka tana dariya.

Mota na jira a ƙofa. Sata sata ce, dole a je ofis a rubuta bayani. Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi Sufeto, ya sauke hannu.

Mbok Mirah ta tsaya gaban Wening, ta kasa haɗa ido da ita.

"Nduk, 'yata, shekara shida ina ba ki maganin ciwon baya, ashe ni zan karya miki shi. Ki yafe mini."

Wening ta share hanci. "Na yafe, Mbok. Amma daga yau a bakin ƙofa za ki tsaya, ni zan fito da kofina."

Sai ga Galih ya turo Ambar a keken majinyata, yana riƙe da sandar ƙarin ruwa. Ambar ta kamo hannun nan mai rawaya ta ɗora a goshinta.

"Mbok, da kin tambaye ni."

"Na ji tsoro, Nduk."

"Ni ma. Amma yanzu na ji sa'ar tawa ce. Ba zan sa hannu ba. Katina ya ce Pon, a kan Pon zan yi aure. Idan Pakde na son ƙarin bayani, ya je ya tambayi rana ƙarfe nawa ta faɗi."

"Ni zan kai masa saƙon," in ji Galih. "Wannan dai ba ƙarya ba ce, zan iya."

Saje ya buɗe ƙofar baya, ya sa hannu ya kare kan tsohuwar kada ta bugu. Dakta Handoyo ya biyo su da sauri, ya raɗa wa Kinanti cewa asibiti ba ya son a tsananta, a duba hanyar sulhu. Ta gyaɗa kai.

Sun hau titi, gajimare ya yaye daga kan dutsen Merapi. Saje ya saci kallon madubi, ya rage murya.

"Bu, tsakanina da ke. Kafin magariba ne ko bayanta?"

"Tuƙi, Pak Juki."

Ta sauke gilashi, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shigo. A gaban motar akwai kwalin ashanar Saje yana ta zamewa hagu da dama. Ta ɗauka, ta juya bayansa. Babu rubutun komai. Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta mayar, ta juya wajen tsohuwar.

"Mbok, kin ci abinci yau?"

"A'a, Bu."

"Ni ma wani ya cinye mini nawa. Pak Juki, tsaya a wurin mai soto. Bayanin zai jira."